Shekarar da Muka Tare Ruwa a Gonar Baba

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna faɗa wa naku 'ya'yan cewa kakanku Malam Ilu ya ƙi karatuna, wai da an bi ta tasa da ban taɓa riƙe takardar shaida ba. Ban san wanda ya fara wannan magana ba. Wataƙila ma ni ne, wata rana da na gajarta labarin don in ba mutane dariya. Yanzu da na ajiye aiki na samu sararin zama, ina so in ba ku shi yadda ya faru, domin akwai mutum biyu a cikinsa da ban taɓa yaba musu yadda ya kamata ba: mahaifina, da malamina Malam Buba.

Ina yaro ƙarami ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu. Abin da na fi tunawa da tsohon garin shi ne fadamar Baba, baƙar ƙasa mai laushi da ƙafa ke nutsewa a ciki, rake a gefe guda, albasa da dankali a ɗaya gefen. A can Baba mutum ne mai hira, ana taruwa a ƙofar gidanmu don jin bakinsa a kan shuka da ruwa. Da aka kwashe mu aka kawo mu sabon matsuguni a ƙasar Bebeji, aka auna wa kowane magidanci gona. Ta Baba ta faɗo a gangaren tudu, jar ƙasa mai tsakuwa. Ya karɓa, kuma tun daga lokacin maganarsa ta ragu, har muka saba da shi a matsayin mutum mai shiru. A tsakiyar gonar akwai wata 'yar hanyar ruwa da nake tsallakewa da ƙafa ɗaya a shekarar farko. Kafin in gama sakandare ta zama kwazazzabo, in mutum ya shiga ciki ba a hango hularsa. Kowace damina sai ta gutsure kunya biyu ko uku ta tafi da su. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi Baba yakan je ya tsaya a bakinta, hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallo, sannan ya dawo gida ya yi alwala.

A shekarar da nake ba ku labari takardu biyu suka zo mini a mako ɗaya, bayan an gama girbi. Na kai wa Baba su da la'asar yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ba ya karanta boko, don haka ya ɗaga ɗaya ya nuna mini.

"Wannan me ta ce, Garba?"

"Aikin akawu ne, Baba, a sakatariyar Kiru. Albashi duk wata."

"Ɗayar fa?"

"Makaranta ce ta shekara guda, can wajen Tudun Wada. Ana koyar da kula da ƙasa da itatuwa, da yadda ake hana ruwa cinye gona. In an gama a ba mutum takardar shaidar sana'a."

Ya ajiye takardun a kan tabarma ya ci gaba da fiƙe ƙotar. Sai da ya gama ya ce:

"Wato za ka bar kujera ka je a koya maka riƙon fartanya. Ga ta nan a hannuna, kyauta."

"Ba riƙon fartanya kaɗai ba ne, Baba."

"To. Ban hana ka ba. Amma ban gane ba, kuma ba zan ce maka na gane ba."

Iyakar ƙin da kakanku ya yi ke nan. Inna ce ma ta fi jin zafin abin, domin ta riga ta faɗa wa mata a gidan suna cewa ɗanta zai zama ma'aikaci. Kwana uku tana miƙo mini tuwo ba ta duban fuskata. Ni kuwa ban iya bayyana musu dalilina ba. Ba na jin ni kaina na san shi sosai a lokacin, ban da cewa na gaji da ganin bayan Baba a bakin kwazazzabon nan.

Makarantar ba ta da wani kwarjini. Azuzuwa ne kaɗan masu rufin kwano, da wurin rainon itatuwa, da fili mai faɗi da ya gangara zuwa rafi. Da yawa daga cikinmu sun zo ne don ba su samu wani wuri ba, kuma ba sa ɓoyewa. Da safe a yi mana karatun aji a kan irin ƙasa da sunayen itatuwa da dokar gandun daji, da rana a fita da mu fili. Malam Buba shi ke da fili. Dogo ne siriri, Bafulatanin ƙasar Doguwa, ya yi kiwo har ya zama saurayi kafin ya shiga aji, kuma har lokacin Hausarsa tana da ɗan gargada. Ranar farko bai gaya mana ko sunansa ba. Ya sa aka ɗebo bokiti biyu na ruwa, ya kai mu wani gangare. Ya juye ɗaya a kan ƙasa tsirara, ruwan ya zura da gudu ya kwashi jar ƙasa ya yi gaba. Ya juye ɗayan a inda ciyawa ta rufe, ruwan ya yi ta lalube a tsakanin saiwoyi har ya ɓace a wurin. Ya bar mu muna kallo, sannan ya ce:

"Duk abin da zan koya muku a shekarar nan kun gan shi yanzu. Ruwa ba ya ɓarna sai yana gudu. Aikinku shi ne ku sa shi ya yi tafiya."

Daga nan ya koya mana haɗa ma'aunin gangara da sanduna uku, biyu a tsaye kamar ƙafafun mutum a buɗe, ɗaya a gicciye, da zare mai ɗan dutse a rataye. Da shi ake gano layin da ƙasa ta yi daidai, inda ruwa zai kwanta maimakon ya gangara. Ya koya mana jera duwatsu a kan layin, da dasa ciyawar jema da gamba a bayansu don saiwa ta riƙe ƙasa, da yadda ake barin tohon gawo da kalgo a gona lokacin sassabe a rage masa rassa maimakon a sare shi. Bai taɓa cewa a yi abu yana tsaye ba. In dutse za a ɗauka, shi ke fara sunkuyawa. Wata rana aka kai mu Riruwai a motar makaranta, ya zagaya da mu tsofaffin ramukan haƙar kuza, tsibin ƙasa fari fat da ko ƙaya ba ta fito a kai ba. Ya ce mu ɗebi ƙasar mu murza. Muka murza, babu komai a cikinta sai tsakuwa. Ya ce ƙasar noma 'yar fata ce a bisa, kaurinta bai kai taƙi guda ba a wasu wuraren, in ta tafi jikokinmu ma ba za su ga dawowarta ba sai in wani ya tsaya ya yi aiki.

Sharaɗin samun takardar shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi wata ƙasa ta gaske da ruwa ke ci, ya yi mata aiki da damina, masu jarrabawa su zo su gani da idonsu da kaka. Na zaɓi gonar Baba. Da na roƙe shi ya ce in yi abin da aka koya mini. A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Ina so a ga aikina, ina so Inna ta ji mata suna magana. Sai na tafi inda kwazazzabon ya fi zurfi, a tsakiyar gona, na yi wata guda ina jan duwatsu da jaki, na gina katanga ƙatuwa na datse shi. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallo, ni kuma ina jin daɗi. Baba ya zo sau ɗaya ya duba, ya ɗaga kai ya kalli saman tudu, ya koma bakin aikinsa.

Ruwan farko da na biyu katangar ta riƙe. Na uku ya sauko da azahar, dawa ta kai gwiwa. Ina tsaye a gindin ɗorawa na ga ruwa ya taru a bayan katangar ya cika, ya rasa hanya, sai ya fasa ta gefe ya shiga cikin shuka. Kafin a ɗauke ya yanka sabuwar hanya, ya tafi da wajen kunya ashirin na dawa, abin da kwazazzabon da kansa sai ya shekara biyar bai ci ba. Baba ya zo ya tsaya a bakin sabon ramin. Na jira ya yi faɗa, bai yi ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi.

Washegari na hau mota na tafi makaranta na sami Malam Buba a wurin rainon itatuwa, na ce masa na bar karatun, zan je in ga ko gurbin Kiru yana nan. Ya saurare ni yana cika leda da ƙasa. Ya tambaye ni inda na sa katangar, na faɗa masa. Ya ce in koma gida, yana zuwa jibi.

Ya zo a kan tsohon babur ɗinsa da hantsi. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi gida da iyali da damina da gajiya, bai yi gaggawa ba. Da muka isa gona na nufi wajen katangar da ta rushe, amma shi ko kallonta bai yi ba. Ya juya wajen Baba.

"Baba, ruwan nan daga ina yake tasowa?"

Baba ya dube shi kamar bai ji daidai ba.

"Ni kake tambaya, Malam?"

"Ku nake tambaya. Kun fi shekara goma kuna kallonsa. Ni yau na zo."

Baba ya saɓa fartanyarsa ya kama hanyar saman tudu, muka bi shi. Ya kai mu can sama, wajen da ban taɓa tunanin yana da alaƙa da gonarmu ba. Ya nuna mana cewa ruwan ba ɗaya ba ne, uku ne. Na farko yana sauka daga kan wani falalen dutse, shi ne ke fara isowa, kuma fari ne, ba ya ɗauke da komai. Na biyu yana biyo hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. Na uku, wanda ya fi ɓarna, yana fitowa daga burtali inda kofaton shanu ya daddaɓe ƙasa ta yi tauri, shi ne ja, kuma yana zuwa a makare ya tarar da sauran biyun a gindin wata kaɗanya, daga nan su haɗu su faɗa gonarmu. Ya faɗi wanda ke ƙaruwa in hadari ya taso daga gabas, da inda ƙasa ke daɗewa da laima bayan an ɗauke. Ya fi sa'a guda yana magana. Rabon da in ji muryarsa ta yi tsawo haka tun muna tsohon gari. Malam Buba ya fito da ɗan littafi yana rubutawa, yana tsayar da shi yana cewa, "Ku ƙara maimaita mini wannan, Baba."

Da na raka shi wajen babur, nesa da kunnen Baba, ya ce:

"Ka tari ruwa a inda ya riga ya yi ƙarfi. Daga sama ake farawa, a inda yake ƙarami. Na faɗa a aji, amma ya kamata in zo in gani kafin ka ɗora dutse ɗaya, wannan laifina ne. Naka laifin shi ne kana kwana gida ɗaya da mutumin da ya san tudun nan kamar tafin hannunsa, ba ka tambaye shi ba."

A ranar bai tafi ba sai da ya je rugar Ardo Sambo, wanda shanunsa ke bin burtalin. Suka gaisa da Fulatanci suka daɗe suna magana, ni ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Ƙarshenta Ardo ya yarda mu jera duwatsu a gefen burtalin mu dasa gamba, su kuma su hana shanu taka wurin har ta kama, da rani su yanka su ba dabbobinsu.

Saura abu mai wuya. Aikin sama kaɗai ba zai isa ba, sai an ja layuka shida a gicciye cikin gonar kanta, kowane layi da duwatsu da jema, kuma duk inda layi ya bi sai an tuge dawar da ke wurin. Ga abin da ruwa ya riga ya ci. Na kasa faɗa wa Baba, sai Malam Buba ne ya faɗa masa, bai kuma rage komai ba. Ya ce bana za a yi asara, amfanin sai baɗi ko baɗin waccan, kuma in Baba ya ce a'a ba wanda zai ga laifinsa, za a samar mini wata ƙasar in yi jarrabawa. Da maganar ta iso cikin gida Inna ta ajiye muciya ta dubi Baba.

"Malam, abin da za mu ci ne fa. Yaron nan ya riga ya yi mana ɓarna sau ɗaya."

"Na sani," in ji Baba.

"To a kan me za a ƙara?"

"Wancan karon shi kaɗai ya yi. Wannan karon da ni."

Da safe muka fita da ma'aunin sanduna uku. Na kafa turaku a layin farko, na tsaya ina duban dawar, kore shar, na kasa sa hannu. Baba ya wuce ni ya sunkuya ya tuge ta farko ya jefar gefe, ya tuge ta biyu. Haka muka yi makonni, mu yi noma da safe, da rana mu ja duwatsun rusasshiyar katangata zuwa sama, mu kwaso jema daga bakin rafi a mangala. Ba a jima ba Baba ya karɓe ma'aunin daga hannuna. Yakan hango inda layi zai bi da ido ya kafa turke, sannan ya ɗora ma'aunin don ya gwada kansa, kuma da wuya zaren ya ƙaryata shi. Malam Buba yana zuwa duk bayan mako biyu, ya tuɓe riga ya yi ta ɗaukar dutse tare da mu, in Inna ta aiko da fura su zauna shi da Baba a gindin kaɗanya suna gardama a kan ko gawo ya fi ɗorawa amfani a gona.

Da marka ta kankama aka yi wani ruwa da ya fi wanda ya rusa katangata. Ni da Baba muka tsaya a cikinsa, buhu a ka. Ruwan ya sauko ya tarar da layin farko ya tsaya, ya cika, ya tsiyaya ta tsakanin duwatsu, ya tarar da na biyu. Kafin ya kai kwazazzabon ya zama abin da yaro zai taka ya wuce. Da aka ɗauke Baba ya durƙusa a bayan layi na uku ya tura hannu cikin laka mai laushi da ta kwanta a wurin har wuyan hannu. Ya ɗebo ya murza ya shinshina.

"Wannan ƙasa ce," in ji shi. "Da duk rafi za ta tafi."

Masu jarrabawa suka zo da kaka su uku, suka zagaya, suka yi tambayoyi, suka tafi. Amma abin da Malam Buba ya faɗa ya tabbata. Rumbunmu ko rabi bai yi ba. Ni na koma makaranta don ƙarasa karatun aji, ina cin abincin makaranta, ban tsaya na yi tunanin yadda gida ke ciki ba. Wata Asabar da rani na zo hutu, na sauka daga mota na biyo ta lambunan da ke bakin hanyar ruwan dam. A wani lambun tumatir na hango dattijo a sunkuye yana buɗe wa ruwa hanya, wani saurayi da bai girme ni ba yana tsaye a kansa yana nuna masa da yatsa. Sai da dattijon ya miƙe na gane Baba ne. Mutumin da a da ake zuwa fadamarsa neman ƙwadago, shi ne yake yi wa wani. Na koma bayan wata bishiyar mangwaro na ɓuya don kada ya gan ni, sannan na sake hanya. A gida na tambayi Inna. Ta ce tun bayan girbi yake zuwa, kullum, kuma ya ce kada a gaya mini sai na gama.

"Kada ka nuna masa ka gani," in ji ta. "Ka bar masa wannan."

Ban taɓa nuna masa ba har ya koma ga Allah. Ku ne na farko da na faɗa wa.

Takardar ta fito da bazara, ana ta sharar gona. Malam Buba ya miƙa mini ita a ofis, ya ce za a tura ni aiki ƙasar Doguwa, sannan ya ce in gaida masa abokin gardamarsa. Na kawo ta gida a cikin leda, na sami Baba a zaure. Ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa, ya riƙe ta a gefe-gefe, ya ce in karanta masa. Na karanta da Turanci na fassara: an shaida cewa Garba Ilu ya kammala koyon kula da ƙasa da gandun daji, kuma ya iya aikin.

"Sun rubuta ka iya?"

"Sun rubuta, Baba."

Ya miƙo mini ita ya ce in kai wa Inna ta adana a ƙasan adaka. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"Yaushe za ka tafi Doguwar?"

"Sai bayan mako uku."

"Ya isa. Gonar Malam Tanko ta bayan rijiya, ruwa ya fara cin ta, na ce masa za mu zo kafin hadari ya taso. Ka kwanta da wuri. Ni zan riƙe ma'aunin, kai ka ɗauko turaku."